Dulcarnon: kalmar lissafi da ta mutu a Turanci, asalinta Zulƙarnaini

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah Turanci nake karantawa a jami'a, an ba mu wata tsohuwar waƙa ta Chaucer, sai na tarar da inda wata mata take cewa ita tana "at dulcarnon, right at my wittes ende". Na duba ƙamus ɗin wayata babu kalmar, malaminmu kuma ya ce kalmar lissafi ce ta mutanen da, ya wuce. Me take nufi, kuma me ya haɗa ta da lissafi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Malaminku ya yi gaskiya, kalmar lissafi ce, kuma na ji daɗin tambayar nan sosai don kalma ce da ke Bahaushiya kin fi Baturen Ingila na yau kusa da ita, kin san ta tun kina Islamiyya, kaya kawai ta canza shi ya sa ba ki gane ta ba. Dulcarnon ba komai ba ne illa Zulƙarnaini, wato mai ƙaho biyu. A makarantun Turai na wajen ƙarni na 12 zuwa na 16 laƙabi ne da ake yi wa mas'ala ta 47 a littafi na ɗaya na Yuklid, masanin lissafi Bagirke, wadda yau ake koya wa yaran sakandare da sunan ƙa'idar Faitagoras. Da yake mas'alar tana ba ɗalibai wahala, sai kalmar ta samu ma'ana ta biyu a bakin mutane, idan mutum ya ce ya kai dulcarnon to yana nufin kansa ya kulle, dabara ta ƙare masa, bai san gaba ba bai san baya ba. Wannan ma'anar ta biyu ce matar take nufi a baitin da kika kawo.

Ki duba sautin ki gani. Zalun ɗin Larabci mu z muke mayar da shi, shi ya sa muke cewa Zulhajji, Zulƙida, Zunnuraini. Su kuma masu Latin ba su da wannan sautin sai suka mayar da shi d. Ƙaf ɗin da muke riƙewa da ƙ su c suka rubuta shi. Ƙarshen kalmar, wato aini ɗin da ke nuna abu biyu ne, shi ya lalace a hannun masu kwafar littattafai ya koma on. To kin ga zul ya zama dul, ƙarn ya zama carn, aini ya zama on. Shi ƙarn ɗin a Larabci ƙaho ne, kuma shi ne dai zamani ko al'umma guda, daga nan muka samo ƙarni da muke cewa ƙarni na 20.

Yanzu ina ƙahon yake. Wannan sai kin ɗauki biro da takarda, don da baki kawai ba zai fito ba. Ki zana alwatika mai kusurwa ɗaya ta digiri 90, amma kar ki tsayar da ita yadda ake yi a allon makaranta, ki kwantar da gefen da ya fi tsawo a ƙasa, kusurwar digiri 90 ɗin ta koma sama kamar tsinin rufi. Sai ki gina murabba'i a kan kowane gefe. Babban murabba'in zai sauko ƙasa, ƙananan biyun kuma za su miƙe sama a karkace, ɗaya ya yi hagu ɗaya ya yi dama. Ki ɗan janye takardar nesa da idonki ki kalla, za ki ga kan sa ne sak, ga fuska a ƙasa ga ƙahoni biyu a sama. Sunan daga zanen ya fito, shikenan. Kuma ba shi kaɗai ne laƙabin wannan zane ba, a littattafan Larabci sunan da ya fi yawo shi ne shaklul arus wato siffar amarya, Turawa sun kira shi kujerar amarya, sun kira shi injin niƙa mai aiki da iska, ɗaliban Rasha kuma wandon Faitagoras suke ce masa. Kowa da abin da idonsa ya gano masa.

Abin da mas'alar take cewa shi ne girman filin babban murabba'in daidai yake da na ƙananan biyun in an haɗa su. In gefunan 3 ne da 4 da 5, to filayen 9 ne da 16 da 25, kuma 9 a tara da 16 ya ba da 25. Duk magini ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Yuklid ba. Ki je inda ake fitar da fandisho ki tsaya, za ki ga an kafa turke an ja igiya biyu, a auna ƙafa 3 a kan ɗaya a yi alama, a auna ƙafa 4 a kan ɗayar a yi alama, sai a ja tef tsakanin alamomin, in ya ba da ƙafa 5 cif to kwana ta zauna, in bai ba da ba a yi ta matsar da igiya har sai ya ba da. A ƙa'ida ma abin da maginin yake yi mas'ala ta 48 ce, wadda take juyin ta 47, ita ce ta ce in lissafin ya fito to kusurwar digiri 90 ce, kuma da ita Yuklid ya rufe littafinsa na ɗaya.

Za ki ce to abin da magini ke yi da tef mene ne na kulle kai a ciki. Wahalar ba a sanin amsar take ba, a hujjar take. Mutanen Babila sun san lissafin tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai wani allon yumɓu nasu da ake kira Plimpton 322 yana ajiye a Jami'ar Columbia a Amurka cike da irin waɗannan lambobi, wato fiye da shekara dubu kafin a haifi Faitagoras ɗin ma. Indiyawa sun sani, Sinawa sun sani. Abin da Yuklid ya yi a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Annabi Isa shi ne ya kafa hujjar da ta hau kan kowace alwatika mai wannan kusurwa, ko wane irin tsawo gare ta, ba tare da ya auna komai ba. Kuma shi bai ambaci sunan Faitagoras ba ko sau ɗaya, masu sharhi na baya irin su Proclus a ƙarni na 5 su suka ruwaito cewa ana jingina masa ita.

Ga yadda hujjar take. Daga kusurwar sama sai ya sauko da layi a miƙe ya ratsa babban murabba'in ya raba shi gida biyu, sannan ya nuna cewa ɓangaren hagu daidai yake da ƙahon hagu, na dama daidai yake da ƙahon dama. A misalinmu na 3, 4, 5 layin zai yanka gefen mai 5 ya zama 1.8 da 3.2, ki ninka kowanne da 5 za ki samu 9 da 16, kin ga kowane ƙaho ya samu gurbinsa a cikin fuskar. Amma kafin ya kai ga haka sai ya ƙara wasu layuka da suka gicciye zanen suka fitar da wasu siraran alwatika dogaye, ya nuna biyu-biyu daidai suke da juna da hujjar mas'ala ta 4, sannan ya nuna kowace ɗaya rabin ƙaramin murabba'i ce ko rabin ɓangaren babban da hujjar mas'ala ta 41, ita ta 41 ɗin kuma tana tsaye ne a kan wasu da suka gabace ta, su ma a kan wasu, haka har ki koma shafin farko. Wanda ya yi tsallake a baya to nan asirinsa zai tonu. Ki ƙara da cewa ɗalibin wancan zamani ba shi da alamomin aljabara da muke rubuta ƙa'idar da su a layi ɗaya, komai da jimlolin Latin ne masu tsawo, littafi kuma na hannu ne mai tsada, wani zanen ma mai kwafa ya karkatar da shi. Ni dai a ganina har yau ita ce hujja mafi kyau da za a fara nuna wa yaro, don a nan yake fara gane bambancin "an ce" da "na ga dalili", kuma abin yana damuna yadda muke ba yara ƙa'idar su haddace ba tare da sun taɓa ganin ƙahonin nan ba.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci, littafin Bagirke ne, me ya kawo sunan Larabci a kansa a Ingila. Dalili shi ne Turawan yamma ba daga Girkanci suka fara karanta cikakken Yuklid ba, daga Larabci ne. Bayan rushewar daular Rum ta yamma abin da ya rage musu na littafin guntaye ne, yawanci maganar mas'ala ba hujjarta. A Bagadaza kuwa an fassara shi tun zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, wanda ya fassara shi ne Hajjaju ɗan Yusuf ɗan Maɗar, kuma dan Allah kar ki haɗa shi da Hajjaju ɗan Yusuf gwamnan Iraƙi da aka sani a tarihi, wancan ya rasu tun 714, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ya sake gyara fassarar a zamanin Halifa Ma'amun. Daga baya Is'haƙa ɗan Hunaini ya yi sabuwa, Sabitu ɗan Ƙurra mutumin Harran wanda ya rasu a 901 ya tace ta.

A farkon ƙarni na 12 sai wani Bature mutumin garin Bath a Ingila mai suna Adelard ya fita neman ilimi, ya bi ta Sisili har yankin Antakiya, ya koyi Larabci, ya dawo ya juya Yuklid daga Larabci zuwa Latin a wajen shekarun 1120. Bayansa Hermann na Carinthia ya yi tasa, Gerard na Cremona wanda ya rasu a 1187 ya yi tasa a Toledo ta ƙasar Sifen. An samu wata fassara kai tsaye daga Girkanci a Sisili a wannan ƙarnin dai, amma ba ta yaɗu ba, waɗanda suka fito daga Larabci su suka cika makarantu. Su masu fassarar nan idan suka zo kan kalmar da ba su da madadinta sai su rubuta ta yadda suka ji ta. Ta haka dulcarnon ta shiga Latin, har wani malamin Ingila Alexander Neckam, wanda ya rasu a 1217, ya ambace ta a rubutunsa. Kuma ba ita kaɗai ta shiga ba. Siffar nan mai gefe huɗu daidai amma a karkace, wadda Larabawa ke kira almu'ayyan, a Latin ɗin wancan zamani helmuayn ake rubuta ta. Almunharif kuma ta zama helmuariphe. Ɗalibi a Oxford ko Paris yana furta Larabci kullum a darasin lissafi, da yawansu ba su ma san Larabci ba ne.

Mu dawo kan Chaucer ɗinki. Waƙar ita ce Troilus and Criseyde, ya rubuta ta a tsakiyar shekarun 1380, baitin yana littafi na 3. Criseyde tana kwana a gidan kawunta Pandarus, da tsakar dare ya shigo mata da labarin wai masoyinta Troilus ya zo hankalinsa a tashe saboda kishi, lallai sai ta gan shi a daren, ita kuma ta rasa yadda za ta yi, ta yarda mutuncinta ne a kan layi, ta ƙi kuma an ce mata mutum zai halaka, gaba kura baya sayaki. Shi ne ta ce ta kai dulcarnon. Ki lura da amsar da kawun ya ba ta, don nan ne wurin da za ki samu abin rubutawa. Ya ce mata ai dulcarnon shi ake kira "flemyng of wrecches", wato abin da ke korar marasa ƙoƙari, yana nufin abin ba wuya gare shi ba, rago ne kawai ke gudunsa.

To wannan fassarar da ya yi ba ta dulcarnon ba ce. Ta wata mas'ala ce daban, ta 5 a littafin dai, wadda ta ce alwatika mai gefe biyu daidai kusurwoyinta biyu na ƙasa daidai suke. Ita ce ake kira elefuga, ana fassara ta da Latin fuga miserorum, gudun miskinai, don a nan ɗalibai da yawa suke ajiye littafin su gudu, malamin Ingila Roger Bacon ya faɗi haka a ƙarni na 13. Ita ce daga baya aka fi sani da pons asinorum, gadar jakuna. Kenan Pandarus ya ɗauki sunan ta 47 ya liƙa masa ma'anar ta 5. Masana adabi sun daɗe suna ja-in-ja a kai, wasu sun ce Chaucer ne ya rikice, wasu sun ce da gangan ya sa kuskuren a bakin Pandarus. Ni na fi karkata ga na biyun. Chaucer ba baƙon lissafi ba ne, mutum ne da ya zauna a 1391 ya rubuta wa ɗansa ƙarami littafi guda kan yadda ake aiki da asɗurlabi, na'urar auna taurari, kuma halin Pandarus a waƙar gaba ɗaya shi ne mutum mai saurin baki da ke jawo ilimi ya lanƙwasa shi don ya kai ga buƙatarsa. Yarinya ta ce matsalata babba ce irin ta ƙarshen littafi, shi kuma ya ce a'a ƙarama ce irin ta farkon littafi. In kika kawo wannan a aji ki kawo shi a matsayin ra'ayi mai hujja, ki ambaci ɗayan ra'ayin ma.

Wurin da kalmar ta fi taɓa ni ba a waƙa ba ne, a wasiƙa ne. A 1534 Sarki Henry na 8 ya kulle tsohon babban jami'insa Thomas More a Hasumiyar Landan saboda ya ƙi yin rantsuwar da sarkin ya ɗora wa mutane bayan rigimarsa da Fafaroma kan maganar aurensa. 'Yarsa Margaret Roper, mace mai ilimi sosai, ta je kurkukun tana roƙon uban ya yi rantsuwar ya tsira da ransa, ta kawo hujja ya warware, ta kawo wata ya warware. A wasiƙar da ta ba da labarin zaman, wadda aka aika wa 'yar'uwarta Alice Alington, ta ce ta gaya masa ita kam ba ta da sauran abin cewa, ta kai dulcarnon kamar yadda Criseyde ta faɗa a Chaucer. An fille masa kai a watan Yuli 1535. Kin ga a nan ba maganar alwatika ake ba sam, 'ya ce da dabara ta ƙare mata a gaban mahaifinta, kuma kin ga ta hanyar Chaucer kalmar ta iso gare ta, wato shekara 150 bayan waƙar baitin yana nan a bakin masu karatu.

Mutuwar kalmar kuma ba haka kawai ta faru ba. Yuklid na farko da aka buga da injin ɗab'i, a Venis a 1482, na wani malamin Italiya Campanus ne wanda ya samo tushe daga fassarorin Larabci, da su helmuayn ɗinsa a ciki. Amma a 1533 aka buga matanin Girkanci a Basel, kuma malaman wannan zamani sun ɗauki aƙidar komawa ga Girkanci da tsantsar Latin, duk kalmar da ta biyo ta Larabci suna mata kallon gurɓata. Da Henry Billingsley, wanda daga baya ya zama magajin garin Landan, ya fitar da fassarar Yuklid ta farko cikakkiya da Turanci a 1570, ya ambaci dulcarnon a ƙarƙashin mas'ala ta 47, amma cewa ya yi sunan da marubuta marasa wayewa na baya-bayan nan suke kiran ta da shi ne. Wannan maganar tana min ciwo gaskiya, don waɗanda ya kira marasa wayewa su suka riƙe wa Turai littafin shekara ɗari huɗu, kuma daga hannun waɗanda suka fi su riƙe shi suka karɓa. Daga nan sai aka koma kiran ta da lamba kawai, ta 47 ta littafi na ɗaya, daga baya kuma sunan Faitagoras ya zauna. Helmuayn ta ba rhombus wuri, helmuariphe ta ba trapezium wuri.

In kin lura kalmomin Larabcin da suka tsira a lissafin Turawa su ne waɗanda Girkawa ba su da madadinsu. Algebra daga aljabru, algorithm daga sunan Alkhawarizmi, cipher da zero daga sifr wanda mu muke cewa sifiri, waɗannan ba yadda za a yi da su don abin da suke nufi ba ya cikin littattafan Girka. Dulcarnon kuwa laƙabi ne kawai a kan abin da yake da lamba kuma yake da wani sunan, cire shi bai rage wa kowa komai a lissafi ba, shi ya sa ya tafi da sauƙi. A babban ƙamus na Oxford za ki same ta a cikin kalmomin da aka daina amfani da su, shi ya sa ƙaramin ƙamus na waya bai ɗauke ta ba.

Saura abu ɗaya da nake so ki kiyaye, don na san da kin gaya wa ƙawayenki wani zai ce ashe ƙa'idar Faitagoras tana cikin Suratul Kahfi. A'a. Zulƙarnainin da Allah Ya ba da labarinsa daga aya ta 83 zuwa ta 98 bawan Allah ne da aka ba mulki ya kai mafaɗar rana da mafitarta ya gina katangar Yajuju da Majuju, malaman tafsiri sun yi saɓani kan ko wane ne, wasu sun ce Iskandar ne na Makidoniya, wasu kamar Ibn Kasir sun ce ba shi ba ne, a ƙarni na 20 Abul Kalam Azad na Indiya ya ce Sairus ne sarkin Farisa. Babu ɗaya daga cikin wannan da ya shafi alwatika. Lafazin ne ɗaya, don a Larabci duk abin da ke da ƙaho biyu ana iya ce masa haka, kuma da yake laƙabin sananne ne a kunnen kowa, da aka ga zane mai ƙaho biyu shi ya fi saurin zuwa baki. Su kansu Ingilishi sun manta asalin har sai da John Selden, lauya ne masanin harsunan gabas, ya bayyana a 1612 cewa kalmar Chaucer ɗin nan Larabci ce kuma ma'anarta mai ƙaho biyu, ya kuma kawo cewa laƙabi ne da Larabawa suke yi wa Iskandar. In za ki rubuta a aikinki ki ce sunan ya zo ne daga siffar zanen, ki ambaci cewa lafazinsa ɗaya da na cikin Alƙur'ani, ki tsaya a nan kar ki ƙara masa abin da ba shi da hujja. Allah Ya ba da sa'a a karatu.